Tukunya ɗaya, jiki biyu: tambayoyi da amsoshi kan yadda jikin mace da na namiji ke sarrafa abinci

Waɗannan tambayoyi ne da ba sa ƙarewa a bakin ma'aurata, da masu fama da ƙiba ko rama, da waɗanda aka ce musu sukarinsu ya fara hawa. Na fara da na tushe, sannan na gangara zuwa masu zurfi. Inda wata amsa ta jingina da wata, na nuna.

Me ake nufi da sarrafa abinci a jiki? Ba narkewar abinci ba ce?

Narkewa matakin farko ce kawai. Tuwon da aka ci da daddare, hanji ya farfasa shi ya zama sukari ya shiga jini, daga nan ne ainihin aikin yake farawa. Nawa za a ƙona yanzu? Nawa za a ajiye a hanta da tsoka don gobe da safe? Nawa za a mayar kitse, kuma a wane lungu na jiki za a jibge shi? Wannan rabon, tare da fito da ajiyar ranar da aka buƙace ta, shi likitoci ke kira metabolizim.

Mafi yawan ƙonawar ba a gona ko a filin ƙwallo ake yin ta ba. Kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na ƙarfin da mutum ke kashewa a yini yana tafiya ne ko da yana kwance, domin hanta da ƙwaƙwalwa da zuciya da ƙoda ba sa hutu. Masu ba da umarni kuwa su ne sinadaran da ake kira homon, manzannin da jini ke ɗauka daga wata gaɓa zuwa wata: insulin mai shigar da sukarin jini cikin ƙwayoyin jiki, daga fankiriyas, wata gaɓa a cikin ciki, homon ɗin tayirod daga wuya, leftin daga kitse, sai istrojin da testosteron. A kan waɗannan biyun na ƙarshe ne yawancin bambancin mace da namiji ya rataya.

Gaskiya ne jikin namiji ya fi na mace saurin ƙona abinci?

Idan jimillar yini ake nufi, gaskiya ne. Amma dalilin ba abin da mutane ke zato ba ne. Namiji galibi ya fi girman jiki, ya fi tsoka, gaɓoɓinsa na ciki sun fi girma, babban murhu kuwa dole ya fi cin itace. A 2021 mujallar Science ta wallafa binciken da Herman Pontzer na Jami'ar Duke ya jagoranta, wanda ya haɗa bayanan mutum fiye da 6,400 daga ƙasashe 29, tun daga jariri ɗan kwana 8 har tsoho mai shekara 95. Da aka cire tasirin girman jiki da yawan tsoka da kitse, sai aka ga mace da namiji daidai suke ƙonawa. Aka kuma ga cewa saurin ƙonawar ba ya raguwa tsakanin shekara 20 zuwa 60, sai bayan sittin yake fara sauka a hankali.

Ke nan wutar iri ɗaya ce. Inda aka rabu shi ne wurin ajiya, da irin makamashin da jiki ke fara kai wa hannu, da lokacin da yake yarda ya buɗe rumbunsa.

Ni da maigidana abinci ɗaya muke ci. Shi ya yi tumbi, ni kuwa komai a ƙugu da cinya yake taruwa. Me ya sa?

'Yar'uwa, tun lokacin balaga aka raba muku hanya. Kafin nan jikin yaro da na yarinya ba su da wani bambanci mai yawa. Da istrojin ya tashi a jikin yarinya, sai ya riƙa tura kitse ƙarƙashin fata a ƙugu, mazaunai da cinyoyi. Da testosteron ya tashi a jikin yaro, sai ya gina tsoka da ƙashi, ya hana kitse zama a cinya, abin da ya yi saura kuma ya wuce cikin ciki ya nannaɗe hanji. Wani likitan Faransa a birnin Marseille, Jean Vague, shi ya fara bayyana wannan a rubuce a 1947, inda ya raba ƙiba gida biyu, irin ta maza da irin ta mata, ya kuma lura cewa ciwon sukari da ciwon zuciya sun fi bin ta maza.

Kitsen cinya yana da wata ɗabi'a da take ba mata haushi: yana karɓa da sauri, yana sakewa da ƙyar. Ƙwayoyinsa suna da yawan wasu makullai da ke hana shi amsa kiran homon ɗin adirenalin idan jiki ya nemi a fito da mai. Ba lalaci ba ne, kuma ba rashin ƙoƙarinki ba ne. Rumbu ne da aka tanada don wani lokaci na musamman, kuma an nuna cewa ya fi buɗewa a ƙarshen goyon ciki da lokacin shayarwa (duba amsar da ke kan juna biyu). Shi ya sa ma mafi ƙarancin kitsen da jiki ke buƙata don ya yi aiki daidai ya kai kusan kashi 12 cikin ɗari a mace, alhali a namiji bai wuce kusan kashi 3 ba.

Wannan ne kuma ya sa idan kun fara rage abinci tare, shi zai riga ki ganin sauyi. Kitsen tumbi mai saurin fita ne. Kada ki auna kanki da wandonsa.

To wanne ya fi hatsari, na tumbi ko na cinya?

Na tumbi, nesa ba kusa ba. Kitsen da ke kewaye da hanji jininsa kai tsaye yake zuba cikin hanta ta wata babbar jijiya. Duk man da ya saki, da sinadaran kumburi da yake fitarwa, hanta ce ke fara shan su. Sai ta yi kitse, ta daina jin maganar insulin, ta riƙa zuba sukari cikin jini ko da ba a buƙata. Kitsen cinya kuwa yana kama mai ya kulle shi nesa da hanta da zuciya.

Saboda haka igiyar awon tela ta fi sikeli faɗin gaskiya. A auna tsakiyar ciki, tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, bayan an saki numfashi. Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta sa iyakar santimita 94 ga namiji da 80 ga mace, kuma wannan ma'aunin ake amfani da shi ga mutanen Afirka kudu da Sahara. Ina jin takaicin yadda har yanzu ake yi wa magidanci kirari da tumbinsa, ana cewa alamar hutu ce. Sau da yawa alamar hantar da ta gaji ce.

Istrojin na mata ne, testosteron na maza. Haka ne?

Kowa yana da duka biyun, yawan ne ya bambanta. A jikin mace mai ganin al'ada, istrojin yana sa tsoka da hanta su saurari insulin, yana rage mugun kolestarol, wato wani maiƙo da ke yawo a jini, ya ƙara mai kyau, yana taɓa sashen ƙwaƙwalwa mai kula da yunwa, yana kuma taimaka wa ƙoda ta fitar da sinadarin da ke haddasa ciwon gawut. Shi ya sa wannan ciwon gaɓɓai mai kama babban yatsan ƙafa ya fi yawa a maza. Amma ba kyauta ba ce zalla, domin istrojin ɗin nan yana ƙara kolestarol a cikin matsarmama, don haka tsakuwar matsarmama ta fi samun mata.

Abin mamaki yana wajen testosteron, domin a jikin namiji kariya ne, a jikin mace kuwa yawansa illa ne. Namijin da nasa ya yi ƙasa yakan rasa tsoka, ya tara tumbi, sukarinsa ya hau. Tumbin kuma yana ɗauke da wani sinadari mai suna aromates da ke mayar da testosteron istrojin, sai nasa ya ƙara faɗuwa, tumbin ya ƙara girma, abu ya zama zagaye. Macen da nata ya yi yawa ita ma tumbi take yi, jikinta ya ƙi jin insulin. Wannan shi ne abin da ke faruwa a larurar PCOS, wata rikicewar homon da ke shafar fitar ƙwan mace, wadda likitoci biyu a Chicago, Stein da Leventhal, suka bayyana a 1935. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana shafar kashi 6 zuwa 13 cikin ɗari na mata masu shekarun haihuwa, kuma yawancinsu ba su san suna da ita ba. Alamominta rikicewar al'ada, gashi a haɓa ko ƙirji, ƙuraje, baƙin tabo a bayan wuya, da jinkirin samun ciki. Mace mai waɗannan alamu awon sukari take buƙata tare da neman haihuwar, ba neman haihuwa kaɗai ba.

Namiji ma ba ya iya rayuwa lafiya babu istrojin. Ƴan tsirarun mazan da aka haifa jikinsu ba ya iya haɗa shi sukan yi fama da kitsen hanta, raunin ƙashi da ƙin jin insulin.

Wa ciwon sukari ya fi kamawa?

A duniya baki ɗaya maza sun ɗan fi yawa, kuma yakan kama su da wuri, a kan ƙibar da ba ta kai ta mata ba. Namiji mai siraran hannuwa da ɗan tumbi yana iya kamuwa, alhali matarsa da ta fi shi jiki lafiyarta ƙalau. Dalilin yana cikin amsar da ke kan kitsen tumbi.

Akwai kuma bambanci a yadda yake fara nuna kansa. A maza sukarin safiya, na kafin a karya kumallo, shi ya fi fara hawa. A mata kuwa na bayan cin abinci ne ya fi fara lalacewa. Ma'anar wannan ita ce mace tana iya yin awon safiya a ce mata lafiya lau, alhali matsala ta soma. Wadda ke da PCOS, ko ta taɓa yin sukarin goyon ciki, ko ta haifi jariri mai kilo 4 ko fiye, ta nemi a yi mata awon da ake shan giram 75 na sukari a sake aunawa bayan awa biyu. Kuma da zarar ciwon ya kama mace, kariyar da zuciyarta ke da ita a kan ta namiji takan rushe, don haka kada a ɗauki sukarin uwa da sauƙi fiye da na uba.

Kwanaki kaɗan kafin al'adata sai in riƙa jin yunwa da kwaɗayin zaƙi. Ƙaryar zuciya ce?

Ba ƙarya ba ce. Bayan ƙwai ya fita, homon ɗin furojestaron yana tashi, zafin jiki ya ƙaru da kusan rabin digiri, ƙonawa ta ɗan ƙaru, yunwa ta biyo baya. Jiki kuma yakan riƙe ruwa, sai sikeli ya nuna ƙarin kilo ɗaya ko biyu da zai tafi da kansa. Idan kina bin nauyinki, ki riƙa aunawa a lokaci ɗaya na kowane wata. Masu ciwon sukari da yawa sukan ga sukarinsu ya ɗan hau a waɗannan kwanaki, kuma yana da kyau likita ya san da haka.

Me ke faruwa lokacin juna biyu da shayarwa?

A watannin farko jiki yana tara kitse da gangan. Daga tsakiyar ciki kuma sai mabiyiya ta fara fitar da homon da ke sa jikin uwa ya rage jin insulin, domin sukari ya daɗe a jini ya isa ga ɗan tayi, ita kuma uwar ta koma ƙona kitsenta. Tsari ne mai ban mamaki, amma yana ɗora wa fankiriyas nauyin ninka aikinsa. Wadda nata ya kasa, sai sukarin goyon ciki ya bayyana, shi ya sa ake awonsa tsakanin mako na 24 da na 28. Yakan tafi bayan haihuwa, amma ya bar gargaɗi, domin irin wannan mace ta ninka sauran mata sau da yawa a hatsarin kamuwa da ciwon sukari nan gaba. Ta riƙa awo a kai a kai ko da tana jin garau.

Maganar cewa mai ciki tana ci ne na mutum biyu ta wuce gona da iri. Ƙarin da ake buƙata kusan kalori 340 ne (ma'aunin ƙarfin da abinci ke bayarwa) a yini a watanni ukun tsakiya, da kusan 450 a ukun ƙarshe, wato bai fi ƙaramin kwano ɗaya na abinci ba. Shayarwa ce mai cin ƙarfi, kusan kalori 500 a yini, kuma a nan ne rumbun cinya ke buɗewa. Ga uwayenmu masu kula da mai jego ina da roƙo ɗaya: a ƙara mata ƙwai, wake, kifi, nama da ganye, a sassauta kunun kanwa. Kanwa gishiri ce mai yawa, tana tara ruwa a jiki, kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shanta da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa.

Na daina al'ada, abincina bai canja ba, amma ga ni da teɓa. Ina ƙugun nawa ya tafi?

Hajiya, mai tsaron rumbun ne ya ajiye aiki. Yawancin mata suna daina al'ada tsakanin shekara 45 da 55, istrojin ya faɗi ƙasa warwas, sai jiki ya koma ajiya irin ta maza. Kitse ya bar cinya ya nufi ciki, mugun kolestarol ya hau, kitsen hanta da gawut da hawan jini su fara leƙowa, ƙashi ya soma zaizayewa da sauri. Kamar yadda aka gani a amsa ta biyu, wutar ƙonawa ba ta mutu ba a wannan shekaru. Abin da ya sauya shi ne wurin ajiya, tare da tsokar da ke raguwa a hankali idan ba a aiki da ita, da barcin da zafin dare ke katsewa.

Abin da ya fi amfani a wannan mataki shi ne riƙe tsoka. Tafiya da sauri, hawa da sauka, tashi daga kujera ba tare da dafa komai ba, ɗaukar abu mai ɗan nauyi, da cin abinci mai gina jiki a kowane zama. Ina ganin kuskure ne babba yadda muke zaunar da uwa da zarar ta samu surukai, mu hana ta ko shara, da sunan girmamawa. Namiji kuwa ba shi da irin wannan faɗuwar farat ɗaya. Testosteron ɗinsa yana raguwa ne da kusan kashi 1 cikin ɗari a shekara daga wajen shekara 40.

Ƙanwata ta rame sosai, al'adarta ta tsaya. Akwai alaƙa?

Akwai. Kitse yana fitar da leftin, homon da Jeffrey Friedman da abokan aikinsa suka gano a Jami'ar Rockefeller a 1994, wanda ke sanar da ƙwaƙwalwa yawan abin da ke rumbu. Na mata ya ninka na maza. Idan ya faɗi saboda yunwa, doguwar jinya ko motsa jiki fiye da kima, ƙwaƙwalwa takan ga cewa ba lokacin ɗaukar ciki ba ne, ta dakatar da fitar ƙwai. Jikin mace ya fi na namiji saurin ɗaukar wannan mataki. Illarsa ba ta tsaya a haihuwa ba, domin idan babu istrojin ƙashi yana rauni tun da ƙuruciya. A kai ta asibiti a nemi dalilin ramar.

Ina so in yi jiki. Me za a ce game da magungunan ƙiba irin su "sha ka fashe"?

Ki nisance su. Yawancinsu deksametason ne ko danginsa, wani lokaci a haɗe da maganin buɗe ciki. Wannan magani kwaikwayon kotisol yake yi, homon ɗin tashin hankali, kuma kitsen da yake kawowa ba na ƙugu ba ne. Fuska yake kumburawa, da bayan wuya da ciki, ya cinye tsokar cinya da hannu, ya ɗaga sukari da jini, ya rikita al'ada, ya raunana ƙashi da garkuwar jiki. Wato yana ɗauke wa mace kariyar da aka bayyana a amsar kitsen cinya, ya ba ta ajiya mafi hatsari. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, domin jikinta ya riga ya daina haɗa nasa kotisol, kuma yankewar farat ɗaya tana iya kai ta ga suma ko mutuwa. Likita ne zai riƙa rage mata a hankali.

A lokacin azumi ko motsa jiki, jikinmu abu ɗaya yake ƙonawa?

Ba daidai ba. A tafiya ko gudu mai matsakaicin ƙarfi, jikin mace ya fi dogaro da kitse, na namiji ya fi saurin cinye sukarin da ke ajiye a tsoka. A doguwar yunwa ma mace ta fi saurin fito da mai cikin jini, sukarinta kuma ya fi sauka. A azumin Ramadan na awa 13 ko 14 wannan bambanci ba ya damun mai lafiya. Inda yake da nauyi shi ne mai juna biyu, domin ɗan tayi ba ya daina jan sukari, don haka ita takan shiga halin da wani zai shiga bayan yunwar da ta fi wannan tsawo nesa. Mai ciki, mai shayarwa da mai shan maganin sukari su tattauna da likita tun cikin Sha'aban.

Kullum ina cikin kasala da jin sanyi. Jikina ne ba ya ƙona abinci?

Abubuwa biyu ake fara dubawa a mace. Na farko ƙarancin jini, domin al'ada tana zubar da sinadarin ƙarfe duk wata. Mace mai ganin al'ada tana buƙatar kusan miligiram 18 a yini, mai ciki 27, namiji 8 kacal. Na biyu tayirod, wanda cututtukansa sun ninka a mata sau da yawa, musamman bayan haihuwa. Idan aikinsa ya ragu ana ƙiba, kasala, bushewar fata da jin sanyi, wani lokaci da maƙoƙo. Duka biyun awon jini ke gano su, kuma suna da magani.

Magani ma daban yake aiki a jikinmu?

Wasu magunguna, ƙwarai. Mace ta fi kitse, ba ta kai namiji ruwan jiki ba, kuma hantarta tana da nata tsarin. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne homon ɗin girma, wanda a namiji yake zuwa da ƙarfi jefi-jefi, musamman a farkon barci, a mace kuwa ya fi zuwa akai-akai. Hanta tana karanta wannan salo ta kunna wasu ƙwayoyin gado ta kashe wasu. A 2013 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta rage adadin maganin barci na zolpidem ga mata daga miligiram 10 zuwa 5, bayan an ga yana kwana a jininsu har safiya. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai hana mace shan ragowar maganin mijinta.

Duk wannan aikin homon ne kawai? Kuma me ya sa sai yanzu ake jin wannan bayani?

Ba homon kaɗai ba ne. Kusan kowace ƙwayar jikin mace tana ɗauke da kuromosom X biyu, wato ƙullin ƙwayoyin gado, ta namiji X ɗaya da Y ɗaya. A Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, Karen Reue da Arthur Arnold sun yi aiki da ɓerayen da aka raba musu jinsi da kuromosom, ta yadda za a samu namiji mai X biyu da mace mai X da Y. Da aka cire gaɓoɓin da ke fitar da homon, masu X biyu suka fi tara kitse, maza ne ko mata. A mutane ma, mazan da aka haifa da ƙarin X, larurar da ake kira Klinefelter, sun fi sauran maza yawan tumbi da ciwon sukari.

Jinkirin kuwa daga ɗakunan bincike ya samo asali. Shekaru da yawa ɓeraye maza aka fi gwaji da su, bisa zaton cewa zagayen homon ɗin mata zai rikita sakamako. A 1977 hukumar magunguna ta Amurka ta ba da shawarar a cire mata masu shekarun haihuwa daga matakan farko na gwajin magani, sai a 1993 doka ta wajabta sa mata a gwaje-gwajen da Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka ke ɗaukar nauyi. Sharaɗin cewa mai neman kuɗin bincike ya yi la'akari da jinsi har a kan dabbobi da ƙwayoyin jiki bai fara aiki ba sai a 2016.